Ɓarawo na gudu da waya, doka na bin sa da takarda

Ran wata Alhamis, ana idar da sallar La'asar, yayata ta kira ni. Ita da ba ta shiga magana sai ta tambayi lafiyar 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ran nan ko sallama ba ta yi ba. "Zo maza, sun kwashe mini kuɗin Auta." Abin da ta iya faɗa ke nan.

Yaya mijinta ya daɗe da rasuwa. Tana zaune ta wajen Ƙofar Marusa, sana'arta turaren wuta da humra. Shekara biyu tana zubin adashi saboda kayan ɗakin autarta. Da kwasa ta zo kanta, naira dubu 640, ni ne na ce kada ta kuskura ta ajiye a ƙarƙashin katifa, ta kai banki. Wannan shawara har yau tana ci mini rai.

Wanda ya kira ta Bahaushe ne, Hausarsa tas. Ya gaishe ta da ladabi, ya ambaci cikakken sunanta har da na mahaifinmu, ya faɗi ranar haihuwar da ke jikin takardunta. Ya ce daga banki ne, gobe Juma'a za a rufe duk asusun da ba a haɗa da lambar NIN ba, amma kada Hajiya ta wahalar da kanta da bin layi, ta karanto masa lambobin da ke jikin katinta, sannan za a turo mata lamba shida ita ma ta karanto. Ta karanto. Ba ta ajiye wayar ba alat ya fara shigowa.

Na iso an tashi daga banki. Na kira lambar da ke bayan katin, wata murya ta yi ta ce mini in danna ɗaya in danna biyu da Turanci, har kuɗin wayata ya ƙare. Da safe muka yi sammako. Ma'aikaciyar da ta saurare mu ta tausaya, ta ba mu fom muka cike, ta ce kuɗin sun faɗa wani asusu a wani kamfani daban, za su rubuta musu, amma mu kawo takardar 'yan sanda da umarnin kotu. A caji ofis, ɗan sandan da aka ba aikin mutumin kirki ne, ban ga laifinsa ba. Da biro ya rubuta jawabin Yaya a kan wani tebur da ba kwamfuta a kai. Ya ce neman bayanin layin da ya kira sai an rubuta wasiƙa ta bi ta sama, daga can a aika wa kamfanin waya. Sannan ya sassauta murya: "Alhaji, ka san aikin nan sai da mai." Aka tafi masallaci, aka shiga hutun ƙarshen mako. Ranar da umarnin kotu ya zo hannunmu, kwana 12 ke nan da kiran.

Da takardar bayanan asusun ta fito, sai muka ga kuɗin ba su yi minti 20 a wurin da suka fara sauka ba. An raba su gida huɗu, an cire a hannun masu POS, na ƙarshe a wani gari da ke bakin iyaka. Ɗan sandan ya dubi takardar ya ce, "Wannan kam ya haye." Mu Katsinawa ba sai an fassara mana ba. An canza su zuwa sefa, an yi arewa da su.

Ba rashin doka ne ya jawo mana wannan ba. Tun watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana laifukan intanet, a watan Fabrairun 2024 kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a kwaskwarimar da aka yi mata. Abin da aka yi wa Yaya yana ciki ƙarara: sashe na 22 ya yi magana a kan sojan gona da amfani da bayanan wani, sashe na 32 a kan yaudarar mutum ya ba da lambobinsa na sirri. Sashe na 38 ya tilasta wa kamfanonin sadarwa su adana bayanan masu hulɗa da su har shekara biyu. Wanda ya karanta zai ce an gama da ɓarayin waya a ƙasar nan.

Matsalar ita ce inda dokar ke kwana. Mai kula da tsarinta shi ne ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, yana Abuja. Cibiyar 'yan sanda ta yaƙi da laifukan intanet, tana Abuja. Manyan ofisoshin bankuna da na kamfanonin waya, akasarinsu suna Legas. Shekara da shekaru Bakatsinen da ke son kai kuka ga EFCC sai ya hau motar Kano. Shari'ar kuma, sashe na 50 ya danƙa ta ga Babbar Kotun Tarayya, wadda a jiharmu mai ƙananan hukumomi 34 zamanta a cikin birni ne. Ni da ke iya hawa Keke Napep in isa bakin kotu cikin minti goma na sha wuya, to ina ga mutumin Sabuwa ko Ɗandume da aka kwashe wa kuɗin masara? Zai bar gona, ya biyo hanyar da kowa ya san halinta, ya kwana a birni, a ɗage zama, ya sake dawowa. Idan naira dubu 80 aka ci masa, lissafi kaɗai zai sa ya ce ya bar wa Allah. Masu wannan sana'a kuwa sun fi kowa sanin lissafin nan. Shi ya sa ba sa neman miliyan ɗari a wurin mutum ɗaya, sun gwammace dubu hamsin hamsin a wurin mutum dubu, don sun san ba mai bin sawun dubu hamsin har Abuja.

Idan an yi sa'a an kama wani, abin da aka saba shi ne a ajiye dokar 2015 gefe, a kai shi gaban majistare da tuhumar zamba ko cin amana a ƙarƙashin dokar Final Kot, ko kuma iyayensa su zo a yi sulhu a caji ofis, a biya rabi, a rufe magana. Ban raina sulhu ba, sau da yawa shi kaɗai ke maido wa talaka wani abu. Amma wanda ake kamawa ɗin yawanci yaron da aka ba dubu biyar ne ya buɗe asusu da sunansa, ko mai POS da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bari in ɗan ratse. Ko lambar nan 419 da muke kiran 'yan damfara da ita ba daga littafin dokarmu ta fito ba, sashe ne na dokar laifuka da ke aiki a kudu. Mu a Arewa Final Kot muka gada, lambar zamba a cikinta daban ce. Ƙasa ɗaya, littafin laifuka biyu, ga kotunan shari'ar Musulunci a gefe, ga dokar tarayya a sama, shi kuwa ɓarawo layi ɗaya ya ishe shi ya ratsa su duka yana kishingiɗe.

Sai maganar hujja, wadda ita ce ke kashe shari'a a ɓoye. Hoton alat da ke cikin wayarka ba ya zama hujja don ka nuna wa alƙali. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi abin da ya fito daga kwamfuta, har da takardar da ke tabbatar da yadda aka samo shi. Ɗan sandan da bai taɓa samun horo a kan wannan ba zai iya kama mai laifi da hannu dumu-dumu, lauya ya tashi ya yi magana ta minti biyar, a jefar da hujjar. Layin da ya kira Yaya, da bayaninsa ya iso bayan makonni, sunan wani dattijo ne a wani ƙauye, wanda da aka same shi ya ce shi dai ya san an taɓa karɓar lambarsa ta NIN da sunan za a ba su tallafi. Tun watan Disambar 2020, lokacin Minista Isa Ali Pantami, aka sa mu bin layi a rana don haɗa layukan waya da NIN, aka ce daga nan duk wanda ya yi laifi da waya an san shi. An san sunan da ke kan layin, haka ne. Sanin mai riƙe da wayar kuma aikin bincike ne, bincike kuwa sai da mutane da kayan aiki a kusa.

Yanzu mu zo ga "ya haye". Daga Katsina zuwa Jibiya ba ta kai awa guda ba, ka wuce Magama ka shiga Ɗan Isa, sai Maraɗi. Wanda ya san tarihi ya san Katsinawan da suka bar birnin nan bayan jihadi ne suka kafa sarautar Maraɗi, har gobe kuma Sarkin Katsina ake ce wa sarkinta. Muna auratayya, muna cin kasuwa ɗaya, ana shimfiɗa mana layin dogo daga Kano ya ratso Katsina zuwa can. Ɗan kasuwa a nan yakan kira ɗan canji a can, a ba yaronsa sefa kafin shayinsa ya huce, ba takarda ba sa hannu, amana ce kawai. Hanyar nan ta amana ita ɓarawo ke bi shi ma. Amma ɗan sandan Katsina da ke son a tambayi wani a Maraɗi, a ƙa'ida sai takarda ta tafi Abuja, ta tsallaka Yamai, a mai da ita Faransanci, ta gangaro. Garuruwa biyu da ke jin Hausar juna, hukumominsu na magana ta bakin tafinta a nisan kilomita ɗaruruwa.

Yarjejeniyoyi kam ba a rasa ba. ECOWAS ta fitar da umarninta kan yaƙi da laifukan intanet tun 2011. Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar Malabo a 2014, amma sai da aka shekara tara kafin a samu ƙasashe 15 da suka tabbatar da ita, ta fara aiki a 2023. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Budapest ta Turawa a 2022. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da tata a watan Disambar 2024. Ana cikin haka sojoji suka karɓi mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, sannan ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Watannin da aka rufe iyakar nan, mai tumatir da mai kai mara lafiya asibiti su suka ji a jikinsu. Tiransifa ba ta taɓa tsayawa a shingen kwastan ba.

Ai mun ga darasin tun 2021. A watan Satumba na shekarar, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana. Mutanen Funtuwa da Malumfashi suka koma tafiya mai nisa don su kira 'yan uwansu. A bakin iyaka kuwa, wanda ke da layin Nijar ya hau tudu ya ci gaba da wayarsa. Ikon hukumar sadarwarmu a kan iyaka ya tsaya, sabis bai tsaya ba.

Da a ce dokar gurguwa ce a ko'ina, da na yi shiru na ce haka Allah ya yi ta. Abin da ke ƙona mini rai shi ne na ga tana gudu. A watan Nuwamban 2022 an bi wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse har makaranta, aka ɗauke shi zuwa Abuja saboda abin da ya rubuta a Twitter game da uwargidan Shugaban Ƙasa ta lokacin. A watan Satumban 2023 an kama wata mata a Legas, aka kai ta Abuja, saboda ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani ya cika zaƙi, daga baya aka tuhume ta da dokar laifukan intanet. A watan Mayun 2024 ɗan jarida Daniel Ojukwu ya yi fiye da mako guda a tsare a kan rahoton da ya rubuta. A waɗannan duka ba a ce sai an kawo kuɗin mai ba, ba a ce wasiƙa ba ta dawo ba. An gano inda mutum yake, an je an ɗauko shi. Ke nan na'urar tana nan, masu iya aiki da ita suna nan. Tambayar ita ce wa ake kunna wa.

Sashe na 24 shi ne sandar da aka fi ɗauka a irin wannan. Yadda aka fara rubuta shi, saƙon da ya ɓata wa wani rai ma zai iya kai mutum gidan yari shekara uku. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a watan Yulin 2020 cewa ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, gyaran 2024 ya rage masa faɗi, amma kama 'yan jarida da sunansa bai tsaya ba. Maƙwabtanmu ma haka: Nijar ta yi tata dokar a 2019, gwamnatin Bazoum ta cire ɗauri a kan ɓata suna a 2022, Janar Tiani ya maido da shi a watan Yunin 2024. Ƙasashe biyu da suka kasa haɗa kai su kama mai cin kuɗin gwauruwa, kowace ta iya kama mai zagin shugaba.

Saboda haka nake ɗari-ɗari idan na ji ana cewa jiha ta yi tata dokar laifukan intanet. Na san garinmu. Kafin a kama ɗan damfara ɗaya da ita, an kama yara goma 'yan soshiyal midiya da suka ce titin unguwarsu ya lalace. Dokokin da ke ƙasa sun isa. Abin da babu shi ne kusanci da sauri.

Kada kuma in yi kamar laifin duk na hukuma ne. Yaran da ke sayar da asusunsu a kan kuɗin data 'ya'yanmu ne, a gidajenmu suke cin tuwo. Mu ne ke miƙa lambar BVN ga duk wanda ya zo da takarda ya ce tallafi. MMM ta rushe da kuɗin mutane a watan Disambar 2016, aka yi kuka aka share hawaye, sai ga CBEX a watan Afrilun 2025, har da masu digiri a cikin waɗanda suka zuba. Ga kunya. Yaya ta roƙe ni kada kishiyoyin 'yarta ta fari su ji, kada a ce wayo ya gaza mata. Da na fara ba da labarin a majalisarmu ta bayan Isha'i, cikin mutum tara, huɗu suka ce an taɓa yi musu ko an yi wa iyalinsu. Ba wanda ya kai ƙara. Laifin da ba a kai ƙararsa ba kuwa, a takardar gwamnati bai faru ba, kuma ba a ware kuɗi don abin da bai faru ba.

A kan kuɗi, mun tuna watan Mayun 2024, lokacin da Babban Banki ya umarci bankuna su riƙa cire rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin da aka tura ta waya da sunan harajin tsaron intanet. Jama'a suka yi ca, aka janye cikin watan. Ni ma na yi ihu. Amma da an ce mini kuɗin nan zai sa a samu tebur ɗaya a Katsina, da mutum mai jin Hausa da zai ɗauki waya ƙarfe biyar na yammacin Alhamis ya sa a riƙe kuɗin Yaya kafin su motsa, da na sake tunani. Ba wanda ya faɗa mana haka, domin ba a yi lissafin da mu ba.

Riƙe kuɗin nan a awa ta farko shi ne komai. Kotuna sun sha cewa banki ba ya rufe asusun mutum haka kawai ba da umarnin kotu ba, kuma gaskiyarsu ne, in ba haka ba duk mai jin haushinka sai ya sa a rufe naka. Amma dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta ba EFCC damar dakatar da asusu na awa 72 kafin a je kotu. Ƙofar tana nan, sai dai mace irin Yaya ba ta san da ita ba, ɗan sandan da ya rubuta jawabinta kuma ba shi da mabuɗinta. EFCC ɗin da ta iya kama mutum 792 a gini ɗaya a Legas cikin watan Disambar 2024, har da 'yan Sin 148, ba za ta gaza ajiye lambar waya ɗaya da ake amsawa da Hausa dare da rana ba.

Mai girma Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, na san 'yan sanda ba naka ba ne, kotun tarayya ma ba taka ba ce. Amma jiha ta saba saya wa jami'an tsaro motoci da babura, a watan Oktoban 2023 ma ka kafa rundunar sa-kai ta jiha don ka ga jiran Abuja ba zai fisshe mu ba. Kuɗin mota ɗaya ya isa a kafa ɗakin bincike na waya da kwamfuta a birni, a horar da 'yan sanda a Funtuwa da Daura, a ɗauko yaranmu da suka karanta kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Alƙalam suna zaune ba aiki. Kwamishinan shari'a na iya neman izinin Ministan Shari'a na Tarayya don lauyoyin jiha su riƙa gabatar da irin waɗannan ƙararraki da kansu. Babban Alƙalin Jiha na iya ware alƙali da zai riƙa sa hannu a umarnin riƙe kuɗi a rana ɗaya. Maraɗi kuma, Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar tana nan tun 1971, ba ta ECOWAS ba ce, ficewar da aka yi ba ta rushe ta ba. Idan fadar Katsina da ta Maraɗi na aika wa juna gaisuwa, jami'in bincike a nan da takwaransa na can ma su san lambar juna.

An ɗaura auren Auta bayan ƙaramar salla. Dangi suka yi karo-karo aka sayi gado da katifa, kujeru aka ce sai daga baya. Naira 310 muka tarar a asusun da kotu ta rufe. Yaya yanzu ba ta karɓar tiransifa, duk mai son humra sai ya kawo kuɗi a hannu, kuma masu saye daga Kaduna da Abuja sun koma wurin wasu.

Lambar da ta kira ta tana nan a wayata. Na gwada ta makon jiya. Tana shiga.